Wanzami da Takobin Surukinsa

Duk layin Bakin Gada babu namijin da Shigezo Namba bai taɓa riƙe wa haɓa ba. Shekara arba'in da ɗaya yana aski, kuma tsakani da Allah hannunsa na da kyau, bakinsa ne matsalar. Za ka zauna ka ce a rage maka gefe, kafin ka tashi ka ji yadda ya taɓa gyara wa likita kuskure, da yadda ya hango faɗuwar gwamnati tun ana saura wata shida. Ba ka da halin musu, aska na kan maƙogwaronka. Shi kuwa wannan shirun namu ya ɗauka shaida ce.

Abin da ya fi taƙama da shi sanin ƙarfe. "Aska da takobi uwa ɗaya uba ɗaya suke," haka yake cewa, "tsawo ne kawai ya raba su. Wanda ya san ƙanen ya san wan."

To, a garinmu akwai ƙungiyar masu tara tsofaffin takubba, su goma sha biyu, yawancinsu 'ya'yan mutanen da suka je yaƙi ƙasar Sin suka dawo da tsarabar ƙarfe, wannan da takobin Sinawa mai faɗin kai, wancan da na hafsan da ya yi wa hidima. Shugabansu Malam Akagi, tsohon hedimasta, wanda rabin garin ya sha bulalarsa. Ƙa'idarsu ta farko ita ce ta ko'ina: in an zare takobi kowa ya ninke farar takarda ya cije, don kada numfashi ko yawu ya sauka kan ƙarfe, kuma babu mai cewa uffan sai an mai da shi kube. Sau ɗaya suka gayyaci Shigezo. Ya daure numfashi tara, a na goma ya fara bayani ta bayan takardar, ta yi tsalle daga bakinsa jiƙe sharkaf ta manne a kan takobin mai masaukin. Malam Akagi da kansa ya raka shi har wurin takalmansa. Shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma har yau in Shigezo ya ba da labarin cewa yake hassada ce.

Sai ga wata damina ta zo da ƙarfi, rufin gidan Shigezo ya fara yoyo daidai kan kujerar aski. Kafinta ya hau, ya sauko da wani dogon abu naɗe cikin bargon soja wanda ɓeraye suka gama yi wa ado. Matar Shigezo, Tokie, tana ganin bargon ta zauna a ƙasa.

"Na Baba ne," ta ce.

Gidan dama na mahaifinta ne. Aure ne ya kawo Shigezo ciki, har sunan Namba ma a nan ya same shi, abin da ba ya son a tuna masa. Tsohon ya dawo daga Sin tun ana tsakiyar yaƙi, da gurguwar ƙafa da wannan takobi, wanda hafsansa ya miƙa masa kafin ya cika. Da aka ci mu da yaƙi, sojojin mamaya suka shiga karɓe takubba, ya gaya wa kowa ya jefa nasa a kogi. Bayan shekara biyu ya rasu, Tokie tana 'yar shekara goma sha biyu. Hotunansa duk sun ƙone, ko hularsa ba ta da ita. Ta rungume bargon nan tana kuka a hankali, Shigezo kuwa yana tsaye a kanta yana auna tsawon abin da ido.

Washegari suka kai rahoto wurin ɗan sandan kan kwana, kamar yadda doka ta ce. Kofur ya rubuta, ya buga hatimi, ya yi musu bayani.

"Ran ashirin ga wata ku kai shi birnin Okayama wurin masu tantancewa. In sun ga ƙirar hannu ce ta gargajiya, za su ba ku takardar izini ku ajiye abinku. In kuwa irin na masana'anta ne da aka riƙa bugawa lokacin yaƙi, yanka shi ake yi gida uku a zubar."

"A yanka?" Tokie ta ce.

"Doka ce, Mama, ba ni na yi ta ba."

Malam Akagi ya ji labari ya zo da yamma. Ya rusuna wa takobin, ya cije takarda, ya zare kamar taƙi guda, ya duba dushin tsohon maiƙo da ƙura, ya mayar. Sannan ya cire takardar ya ce, "Kada a taɓa shi. Kada a goge shi. Kada a shafa masa komai." Da Tokie yake magana, amma duk sau ukun Shigezo yake kallo.

Ana haka 'yarsu Sayo ta haihu a garin Kurashiki, dole Tokie ta tafi zaman jego. Ta ajiye takobin a ƙarƙashin allon sunan mahaifinta da ake kunna wa turare don tunawa da shi, ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta.

"Baban Sayo, saurare ni. Ban damu ya zama na shekara dubu ba. Ba na son a sa shi a jarida. Takardar nan kawai nake so, ya zauna a gidan da Baba ya bar shi."

"Tafi hankali kwance. A hannun masani kika bar shi."

"Abin da ya hana ni kwanciyar hankalin ke nan."

Motarta ba ta gama shan kwana ba Shigezo ya riga ya ga kansa zaune a mazaunin shugaban ƙungiya, Malam Akagi yana zuba masa shayi. Abin nema ya samu. Wanda aka fara yi wa aski ranar ya ji cewa takobin shekararsa ɗari uku. Wanda aka yi wa bayan azahar ya ji ɗari biyar. Kafin a rufe shago ya kai ɗari bakwai, kuma an taɓa sare kan doki da mahayinsa da shi a sara ɗaya. A kwana na uku Shigezo ya ɗauki shatar ƙaramar bas, ya liƙa takarda a madubin shago: duk mai son ganin tarihi da idonsa ran ashirin ga wata ya rubuta sunansa, kujera kyauta. Mutum ashirin da biyu suka rubuta.

Sai kuma ya fara tunani. Yaya za a kai tarihi gaban jama'a buɗu-buɗu da ƙura? Shi da ko ango ba ya bari ya fita daga shagonsa sai ya kakkaɓe masa wuya? Ba gogewa zai yi ba, ɗan sharewa ne kawai. Ya taɓa ganin 'yan ƙungiya suna bubbuga wa takobi wata farar hoda, su bi da man kanumfari. Hoda kuwa yana da ita gwangwani-gwangwani, mai ma akwai na gashi, wanda ya fi na kanumfari tsada. Ya zazzaga, ya kwarara, ya murza. Hoda da mai da maiƙon shekara arba'in suka haɗu suka zama wani abu kamar ƙullun da ya kwana. Tawul ya ƙi ɗauka. Ya shiga kicin ya ɗauko soson ƙarfe na wanke tukunya, ƙullu ya fita, ya bar masa zane-zane kamar kaji sun yi tono.

Ta bayan gida, katangar katako ce ta raba shi da Iya Kume mai awara, tsohuwar da ta san shi tun ranar da ya shigo gidan da akwati ɗaya. Ta leƙo tana toshe hanci.

"Wanzam, wa ake yi wa aure? Tun safe awarata ke ƙamshin ango."

"Aikin masana ne, Iya, ba za ki gane ba."

"Shekaru dai mun ji su, kullum ƙaruwa suke kamar kuɗin haya. Kaifi ne ba mu gani ba. Wuƙar awarata ma ta shekara talatin, kuma ita tana yanka."

Wanzami ba ya son jarfa. Ran nan da la'asar Shigezo ya naɗe tsohuwar tabarma, ya jiƙa ta, ya kafa ta a tsakar gida, ya kira mutum shida shaida. Ya fito cikin faffaɗan wandon bikinsa, wanda rabonsa da shi tun yana da ƙugu. Ya rusuna wa tabarma. Ya ɗaga takobi sama, ya kurma ihun da ya sa karen mai keke ya shige ƙarƙashin mota, ya tako da ƙarfi, ya taka bakin wandonsa. Saran ya wuce tabarma da kamu guda ya nutse a ginshiƙin katanga. Ya ja, ya ƙi. Ya sa ƙafa ya tokare ya ja da ƙarfin tsiya, takobi ya fito, katako biyu suka biyo shi, shi kuma ya tafi da baya ta kafar da ta buɗe ya zauna daram a bahon da Iya Kume ta jiƙa waken suya.

Tsohuwar ta dube shi, ta dubi tabarmar da ke tsaye ko ƙwarzane babu.

"Tabarma ta gode," ta ce. "Waken kuma ka saye shi, don babu mai cin awarar da ka zauna a kai."

"Gwajin ƙarfin ƙota na yi," Shigezo ya ce daga cikin baho. "Ta ci jarrabawa."

Da ya shiga ɗaki ya duba, sai ga giɓi a bakin takobin, ɗan ƙarami, kamar na yaro mai famfara. Gabansa ya faɗi, amma bai daɗe a ƙasa ba. Giɓi a bakin ƙarfe ai abincinsa ne. Ya ɗauko dutsen da yake wasa aska ya hau aiki. Giɓi ya tafi, sai dai wurin ya fi sauran jikin haske. Ya bi gefensa don su yi daidai, gefen ya fi na gaba haske. Ya bi na gaban. Ya rufe shago kwana uku, ya rataye allo wai ana bincike. Da dutse ya gaza ya koma samfefa, da samfefa ta ƙare ya karɓo man goge ƙarfen keke. Akwai wani farin zane mai kama da gajimare da ke bin bakin takobin tun daga gindi har tsini, shi ya fi ba shi wuya, don tabon ya kama sosai. Amma Shigezo ba ya barin aiki rabi. A rana ta uku ya ga bayansa, takobi ya koma fes kamar madubi, har ya gyara gashin bakinsa a ciki.

Saura suna. Kowa ya san maƙeri yana sassaƙa sunansa a wutsiyar takobi, wato ƙarfen da ke ɓoye cikin ƙota, kuma wata 'yar ƙusar gora ce ke riƙe da su. Shigezo ya sa ƙusar ƙarfe da guduma, gora ta rugurguje. Ƙota ta fita, wutsiya ta bayyana baƙa ƙirin da tsatsa, ga alamun rubutu suna leƙe ta ƙarƙashi. Ya yi tsaki. Shekara ɗari bakwai a ce babu mai tsabta ko ɗaya da ya riƙe wannan abu! Ya ɗauko magagari ya zauna a bakin baranda inda haske yake.

Da farko haruffan suka fara fitowa, har ya karanta na sama. Sai Iya Kume ta leƙo ta kafar katanga.

"Yau kuma me ake fiɗa?"

"Zo ki ga abin da Akagi da tabaransa bai gani ba."

Ya shiga ba ta tarihin maƙeran ƙasar Bizen, da yadda jininsu ya haɗu da na kakarsa ta wajen uwa, da abin da zai faɗa wa 'yan jarida, da irin zaman da zai yi a hoto. Baki na tafiya, hannu na tafiya. Sai da tsohuwar ta ce wakenta zai ƙone ta tafi, sannan ya sunkuya ya duba. A sama an rubuta “mazaunin ƙasar Bizen”. A ƙasa an rubuta “ya ƙera”. Tsakaninsu kuwa sumul, fari tas, sai walƙiya.

Ya daɗe yana kallon wurin. Ya juya shi ta hagu, ya juya ta dama, ya hura masa iska. Daga baya ya gyaɗa kai. "Manyan maƙera dama ba sa son nuna kai," ya ce, ya ƙarasa goge sauran tsatsar don kada aiki ya yi bambarakwai.

Abu ɗaya ne ya gagare shi: wani zoben tagulla mai faɗin yatsa biyu da ke rungume da gindin takobin, tsakanin wutsiya da kaifi. Ya san akwai datti a ƙarƙashinsa. Ya sa filaya, ya ƙi. Ya zuba masa ruwan zafi, ya ƙi. Ya sa guduma, ta sauka a kan babban yatsansa, ya zagaye tsakar gida sau biyu da ƙafa ɗaya yana ambaton kakannin maƙerin da ya riga ya share wa suna. Ya haƙura. Ya mai da ƙota, ya fere wani jan tsinken cin abinci ya cusa a gurbin gora, ya sa takobi a jakar alharini ya ɗaure bakinta.

Ran ashirin ga wata bas ta cika har da kujerun tsakiya. Iya Kume ta zo da ƙunshin shinkafa na mutum ashirin da uku, wai kallo ba ya daɗi da yunwa. Tokie ta taho daga Kurashiki ta tare su a ƙofar zauren tantancewa. Ta dubi taron, ta dubi yatsan mijinta naɗe da bandeji, ta shaƙi iska.

"Baban Sayo, me ke ƙamshin man gashi?"

"Ni ne."

"Daga jakar yake fitowa."

"Mun daɗe tare, ya ɗauki ƙamshina."

Zauren shiru kamar gidan makoki. Mutane na zaune a layi, kowa da dogon ƙunshinsa a kan cinya. Malam Akagi ma yana nan, ya rako wani ɗan ƙungiya. A gaba, bayan tebur mai shimfiɗar farin ƙyalle da fitila guda, masu tantancewa biyu ne: wani dattijo mai farar gira, siriri kamar sanda, da wani mai matsakaicin shekaru da tabarau. Da aka kira lamba goma sha bakwai, Tokie ta miƙe, amma Shigezo ya riga ta isa, mutum ashirin da biyu na biye.

"Ranku ya daɗe, kafin a buɗe ina da 'yar magana," ya ce, ya juyo yadda duk zauren zai ji. "Abin da za ku gani, yadda aka tsince shi ko almakashin lambu ya fi shi kyan gani. Ni na dawo da shi hayyacinsa. Ni kaɗai, da hannun nan, kwana goma. Babu wanda ya taya ni, babu wanda ya koya mini. Akwai waɗanda suka ce kada a taɓa." Ya saci kallon Malam Akagi. "A rubuta sunana daidai: Shigezo Namba."

Malam Akagi ya rufe ido. Tokie ta dafa gefen tebur.

Akawu ya bi kowa da ninkakkiyar takarda, aka cije. Dattijo ya rusuna wa takobin, ya riƙe shi kaifi sama, ya zare a hankali. Hasken fitila ya daki ƙarfen ya yi tsalle ya haska rufi, wata mata a layi na uku ta kare idonta. Dattijon ya tsaya cak. Bakinsa ya buɗe, takardar ta faɗo kan tebur. An ce shekara hamsin yana wannan aiki, ba a taɓa jin muryarsa a kan takobi tsirara ba sai ranar.

"Wa ya yi wannan?"

Yatsu ashirin da biyu suka tashi lokaci guda. Shigezo, wanda bai taɓa riƙe takarda ta wuce numfashi tara ba, ya damƙe tasa da haƙora kamar kare da ƙashi. Ya nuna bakinsa, ya nuna takobi, ya girgiza kai: ƙa'ida ce, ba a magana.

Mai tabarau ya tura ƙusar ƙota, wani jan abu ya faɗo ya gangara. Tokie ta cire takardarta.

"Wannan ai tsinken cin abincina ne."

Aka zare ƙota. Wutsiya ta fito tana sheƙi kamar sabon cokali. Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Malam Akagi irin na wanda aka taka wa ƙafa a jirgin ƙasa. Dattijo ya karanta da ƙarfi, "Mazaunin ƙasar Bizen," ya yi shiru daidai tsawon wurin da aka share, "ya ƙera." Ya ɗago. "Tsatsar da ke nan fa? Ita ce shekarunsa. Da ita muke karanta zamaninsa. Ina take?"

"Tana kan barandarsa," Iya Kume ta ce. "Ya share ta ya zuba wa fulawa."

Wasu suka fashe da dariya, amma ba ta yi nisa ba, don mai tabarau ya ajiye takobin ya jawo wata takarda daban.

"Uwargida, ki yi haƙuri. Ƙirar hannu ana gane ta da zanen wuta a bakin kaifi, da saƙar ƙarfe a jiki, da tsatsar wutsiya, da suna. A nan babu ko ɗaya. Na masana'anta ma haka yake walƙiya. Abin da ba mu gani ba, ba za mu sa masa hannu ba."

"Wato yanka shi za a yi," Tokie ta ce.

Mai tabarau ya cire murfin alƙalami.

Tokie ba mai magana a taro ba ce, mu da muka san ta shekara talatin ba mu taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa tebur. "Ranku ya daɗe, ni ban san ƙarfe ba. Abin da na sani, mahaifina da ƙafa ɗaya ya hau rufin nan ya ɓoye shi. Ba ni da hotonsa. Ku ƙara dubawa, ko sau ɗaya."

A nan ne ido ya raina fata. Shigezo ya dubi ƙeyar matarsa, ya ga furfurar da shi da kansa yake rina mata duk wata. Ya nemi abin faɗa, karo na farko a rayuwarsa ya tarar babu komai a wurin. Takardar bakinsa ta jiƙe har ta fara narkewa.

Idon dattijon na kan zoben tagulla, wanda filaya ta cicciza ta ko'ina.

"Wannan fa? An cire shi?"

Shigezo ya girgiza kai.

"Ya ƙi fita ne," Iya Kume ta taimaka. "Shi ya cinye masa yatsa. Duk layi an ji."

Dattijo ya sake ninke takarda ya cije. Ya naɗe ƙarfen da ƙyalle, ya ɗauko wani guntun katako da 'yar gudumar itace, ya ɗora katakon a bakin zoben ta ɓangaren kaifi, ya ƙwanƙwasa sau biyu kamar mai sallama a ƙofar maƙwabci. Zobe ya zame ya sauko ta wutsiya. Shigezo kwana biyu ya yi yana dukansa ta ɗaya ɓangaren.

A ƙarƙashinsa ga ƙarfe mai duhu, shuɗi-shuɗi, faɗin yatsa biyu. Dattijo ya share shi da takarda mai laushi, ya kai shi gaban fitila, ya karkata. Farin gajimaren nan da Shigezo ya yi kwana uku yana yaƙi da shi, ga farkonsa nan kwance lafiya lau. Mai tabarau ya leƙa, ya daɗe, ya mai da murfin alƙalaminsa. Aka haɗa takobi aka mai da shi kube, sannan dattijon ya cire takarda.

"Ƙirar hannu ce. Ya haura shekara ɗari biyar. Uwargida, za ki sami takardarki."

Tokie ta sa hannu biyu ta rufe fuska. Dattijon ya juyo wurin Shigezo, kuma bai ɗaga murya ba, wanda ya fi zagi ciwo.

"Maigida, takobin nan ya ga yaƙin da ba mu san adadinsa ba. Ya je Sin ya dawo. Ya shekara arba'in da ɓeraye, ba su rage shi da komai ba. Kai kwana goma ka yi da shi. Da ka bar shi da ƙurarsa, gidan tarihi ne zai aiko mota. Mutumin da ya ƙera shi kuwa, babu mai sake sanin sunansa har abada. Duk tsawon nan, yatsa biyu ne kawai hannunka bai kai ba, kuma su ne suka cece shi."

A hanyar dawowa babu mai magana sai ƙarar buɗe ƙunshin shinkafa. Malam Akagi ya roƙi a rage masa hanya, wai bas ɗinsa ta wuce, amma kowa ya san ƙarshen labari ne ba ya son ya wuce shi. Tokie na zaune a gaba, takobi a cinya, takardar izini a ƙirji. Shigezo na gefenta ya yi tsuru-tsuru yana kallon gonakin shinkafa. Mun ɗauka an gama. Amma da muka haye gadar farko ya yi gyaran murya, da muka haye ta biyu ya juyo.

"In aka duba da kyau dai, ni na ce ɗari bakwai, su suka ce ya haura ɗari biyar. Ɗari bakwai ai ya haura ɗari biyar. Zoben nan kuwa, kuna tsammani gagara ta ya yi? Da gangan na bar shi. Masani kullum yana barin wurin shaida, saboda..."

Tokie ba ta dube shi ba. Ta kwance bakin jaka, ta sa babban yatsa ta tura ƙota, ƙarfe ya fito daga kube faɗin yatsa biyu. Malam Akagi ya zaro ninkakkiyar takarda daga aljihun ƙirji, ya miƙo ta bisa kafaɗar Shigezo da hannu biyu, cikin ladabi. Duk bas aka yayyage takardar ƙunshin shinkafa aka cije, har direba. Shigezo ya dubi takobi, ya dubi matarsa, ya karɓa. A haka muka shiga gari.

Da suka isa gida ta ajiye takobin a ƙarƙashin allon sunan mahaifinta, ta jingina takardar izini a gefe, ta kunna turare ta ce, "Baba, ga shi ya zauna. Ka yi haƙuri da ƙamshin." Malam Akagi ya tabbatar mata iska ba ta da sauran abin da za ta ɓata a jikinsa, don haka tun daga ranar, da an zauna cin abinci sai ta tura ƙota yatsa biyu, ta ajiye wa mijinta takarda kusa da kwano. Tsakanin loma da loma yake cije ta. Ta ce shekara talatin da biyar da aure, sai yanzu ta san gidan yana da agogon bango mai ƙara.

Mu masu zuwa aski mu muka kwashi asarar. Duk maganar da aka hana shi a gida, a kanmu yake sauke ta, aska a maƙogwaro, askin minti ashirin ya koma awa guda. Mun aika Iya Kume ta tambayi Tokie ko za ta riƙa ba shago aron takobin ran Asabar. Ta ce a'a, ran Asabar ta fi bukatarsa.